Yadda Na Tattaro Gadon Baffana Daga Gaɓar Tekun Ilaje

Baffana, ƙanen mahaifina, ya rasu a Daura a tsakiyar daminar bara, bayan jinyar da ta dawo da shi gida daga Kudu. Iyayensa sun riga shi rasuwa, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar, maza biyu da mata uku, kuma babu ko ɗaya cikin yaran da ya kai a tura shi wata jiha ya zauna gaban manya. Abin da ya bari a Daura ba ɓoyayye ba ne: gidan ƙasa, gona ɗaya a hanyar Mai'aduwa, da 'yan tumaki. Amma kowa a dangi ya ɗauka cewa ƙarfin dukiyarsa yana can wani ƙauyen masunta a bakin teku, cikin ƙaramar hukumar Ilaje ta Jihar Ondo, inda ya shafe fiye da shekara 20 yana sayen kifin banda da jatan lande yana turowa Arewa, yana kuma sayar wa mutanen wurin albasa da wake da barkono.

Da Inna, matarsa, ta fita takaba, sai aka kai maganar gaban alƙali. Ya sa aka rubuta gida da gona da dabbobi, sannan ya tambaya ko akwai wanda zai iya faɗin abin da mamacin ya bari a Kudu, faɗin da zai iya rantsuwa a kansa. Kowa ya ji labari, babu wanda ya gani da ido. Wani ya ce gida ne da fili, wani ya ce har da jirgin ruwa, wani kuma ya ce rabin garin Baffa na bin su bashi. Alƙali ya ce ba a raba abin da ba a san iyakarsa ba, kuma ba a taɓa rabon magada sai an fitar da bashin da ake bin mamaci da wasiyyarsa idan ya bari, kamar yadda aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i suka tsara. Ya ƙara da cewa hurumin kotunsa bai kai ga ƙasar da ke wata jiha ba, don haka abin da zai iya yi shi ne ya tabbatar da su wane ne magada, ya naɗa musu wakili da yardarsu, wakilin ya je ya tattaro abin da ya tattaru ya mayar da shi kuɗi, a kawo gabansa ya raba. Aka duba cikin dangi aka ga ni ne mai Turanci, ni ne kuma zan iya neman hutu a wurin aiki. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na karɓa."

Haɗa takardu ya ci lokaci fiye da yadda mutum zai zata. Na karɓi takardar wakilci mai hatimin kotu, kuma da yake da Hausa ake rubuta shari'a a wurinmu, na roƙi magatakarda ya fitar mini da ita da Turanci ma, domin babu wanda zai karanta Hausa a inda za ni. Na nemo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, na karɓi wasiƙar gabatarwa daga hakimi, na yi kwafin katin shaidar ɗan ƙasa na Inna da nawa. Bayan haka Inna ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini wata leda da aka naɗe da kyalle. Ta ce, "Ɗana, ga abin da ya ajiye ƙarƙashin katifa. Ta bokon ban san abin da ta ƙunsa ba, littafin kuwa rubutun hannunsa ne. Amanar marayu ce na ba ka." A ciki akwai takarda ɗaya da aka buga da tafireta, da dangwalen mutum huɗu a ƙasanta, da rasit na injin jirgi, da littafin rubutu irin na 'yan firamare cike da ajami.

Takardar nan ita ce ta fara rushe ginin da dangi suka yi a zukatansu. Babu maganar saye da sayarwa a cikinta. Abin da ta ce shi ne wani gida daga cikin gidajen ƙauyen ya yardar wa Baffa ya kafa ɗaki da shago a wani yanki na ƙasarsu, zai kuma riƙa ba su wani abu duk shekara. Na kai ta Katsina wurin wani abokina lauya, ya bayyana mini cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, amma a ƙasar Yarbawa ƙasa ta dangi ce, ba ta sayuwa sai shugaban gida da manyan 'ya'yan gidan sun amince tare. Abin da Baffa ya riƙe, a cewarsa, zama ne na al'ada: muddin yana biya, bai kuma yi musun cewa ƙasar ta masu ita ce ba, ba za a tashe shi ba, magadansa ma suna iya ci gaba da zama a kan wannan sharaɗi, amma ba su da ikon sayar wa wani ba da yardar masu ƙasa ba.

Da na faɗa wa dangi wannan, fuskoki suka canza. Sun daɗe suna jin yadda fili a bakin ruwa yake tsada a Legas, sun kuma auna na Baffa da wannan ma'auni, saboda haka wasu suka ɗauka shimfiɗa nake yi don in ci dukiyar marayu. Ban ga laifinsu sosai ba, domin an sha ganin irin haka. Abin da na yi shi ne na koma wurin alƙali na nemi a haɗa ni da ƙanen Inna, kawun yaran, ya zama ido na biyu, kuma a rubuta cewa kuɗin tafiyarmu daga dukiyar za a cire, da sharaɗin mu kawo lissafi. Wanda duk aka ɗora wa irin wannan aiki, ina ba shi shawara kada ya tafi shi kaɗai, ko da kuwa ya san hanya.

Mun tashi cikin hunturu, bisa shawarar wani yaron Baffa ɗan Baure da ya ci gaba da riƙe shagon, wanda ya ce damina a can tana farawa tun Maris ko Afrilu, kuma daga Yuni zuwa Satumba teku ba ta da daɗin sha'ani. Daga Daura muka bi ta Kazaure zuwa Kano, muka shiga doguwar motar Kudu a Sabon Gari, muka wuce Zariya da Kaduna da Abuja, muka haye Kogin Neja kafin Lokoja, sannan Okene da Owo har Akure. A kasuwar Shasha ta Akure, inda 'yan Arewa ke sauke albasa da tumatir, muka huta muka ci tuwo kamar muna gida. Daga nan sai ƙananan motoci zuwa Ondo da Ore da Okitipupa, har Igbokoda, hedikwatar Ilaje, inda tafiyar mota ta ƙare mana.

A Igbokoda yaron Baffa ya tarye mu ya kai mu wurin Sarkin Hausawan garin, dattijo ne da ya san Baffa tun zuwansa cin rani. Bayan ta'aziyya na zaro takardar kotu, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Mayar da ita aljihu, Malam. Idan ka shiga ƙauyen da takarda a gaba, za su ɗauka ƙara ka kawo, kowa ya rufe bakinsa. Ka fara gaida Baale, wato mai garin, ka gaida masu ƙasa, ka yi musu godiyar zaman da suka yi da ubanku, takarda ta biyo baya." Na ce, "Ranka ya daɗe, me ake kai musu na gaisuwa?" Ya ce al'adarsu kwalbar barasa ce da goro, amma sun saba da Musulmi, kiret ɗin lemo da goro da ɗan kuɗi a ambulan sun wadatar, haka Baffa ma yake yi. Ya kuma haɗa mu da wakilinsa, don a san cewa akwai wanda ya tsaya mana a gari.

A kwata ake hawa jirgi, kuma jirgin ba ya tashi sai ya cika da mutane da jarkoki da buhunan gari. Kuɗin fito ya ba ni mamaki, domin idan aka auna da nisan tafiyar ya fi na mota tsada nesa ba kusa ba. Matuƙin ya ce tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai na ruwa ya tashi, injin kuma yana shan fetur gauraye da baƙin mai kamar ba gobe. An ba mu rigar kariya, Kawu ya ɗaure tasa tamau yana ta salati. Hanyar ba cikin teku take ba, rafuka ne da magudanan da aka haƙa a bayan gaɓa, ruwansu baƙi, gefensu tukurwa da wasu itatuwa masu saiwoyi a waje da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Wata ciyawa mai kama da kainuwa takan rufe hanyar ta naɗe farfela, sai matuƙi ya kashe inji ya ɗago shi ya cire da hannu. An kuma gargaɗe mu cewa jiragen fasinja ba sa tafiyar dare, wanda la'asar ta yi masa a ƙauye ya nemi wurin kwana.

Ƙauyen gaba ɗayansa a kan turaku yake. Gidajen katako ne da rufin kwano, an ɗaga su sama da laka, hanyoyin gari kuma faffaɗan katakai ne da aka jera a kan ƙafafu, daga kwata zuwa coci, daga coci zuwa ɗakunan banda inda hayaƙi ba ya yankewa. Gaɓar wannan yanki ba ta rairayi ba ce, taɓo ne mai laushi wanda ƙafa ke nutsewa cikinsa har gwiwa. Ruwa ya kewaye ko'ina amma na sha sai an tara na sama a tanki ko an sayo na leda da jirgi ke kawowa, shi ya sa jarkar ruwa take cikin kayan da shagon Baffa ya fi samun ciniki da su. A nan ne na fara yin alwala da ruwan teku, hukuncin da muka karanta a zaure tun muna yara, cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne, ba tare da ɗayanmu ya taɓa ganinta ba.

Zaman farko a gidan Baale gaisuwa ce zalla. Yaron Baffa ne tafinta, yana juya Hausa zuwa yarensu, inda ya maƙale a koma Turancin buroka. Washegari aka kira shugaban gidan da suka ba Baffa wuri, tare da 'yan uwansa biyu, aka karanta takardar tafireta a gaban kowa. Suka tabbatar da dangwalen mahaifinsu, suka ce Baffa bai taɓa tsallake shekara bai biya ba, suka kuma ce idan 'ya'yansa na son zama, wurin nasu ne a kan sharaɗin da. Sai shugaban gidan ya ce kafin mu yanke shawara, mu bari ruwa ya janye ya nuna mana wani abu.

Teku a can tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini da dare, kuma cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, lissafin da kowane yaro a ƙauyen ya riƙe da ka. Da ruwa ya ja baya, ya kai mu ƙarshen katakon hanya ya nuna mana wasu ginshiƙan siminti da suka leƙo daga laka, can nesa inda igiyar ruwa ke karyewa. Ya ce tsohuwar makarantar firamare ke nan. Na duba takardar hannuna, iyakar wurin Baffa ta kudu an rubuta ta ne da wannan makaranta. Wato filin da takardar ke magana a kansa, wanda dangi ke lissafin kuɗinsa a Daura, yana ƙarƙashin teku tun shekaru. Ɗakin da muka kwana ciki ba a wurinsa na asali yake ba. Baffa ya taɓa kwance shi ya matsa da shi baya, masu ƙasa suka nuna masa sabon wuri da baki, ba tare da an sake takarda ba. Yanzu ma ruwa na isa ƙarƙashin dandamalinsa duk lokacin babbar cikowa. Kawu bai ce komai ba, ya zaro waya ya ɗauki hoton bidiyo.

Ba wannan ƙauye kaɗai ke cikin halin ba. Ayetoro, gari mafi suna a wannan gaɓa, wanda mabiya wata ɗariƙar Kirista suka kafa a 1947 suka kuma shahara da zaman haɗa dukiya wuri ɗaya da ƙera jiragen ruwa, teku ta cinye babban ɓangarensa, da gidaje da makarantu. An ba da kwangilar kare gaɓarsa a 2004, aka sake bayarwa a 2009, amma ruwa bai fasa shigowa ba. Idan garin da ke da suna a jaridu haka ta kasance da shi, ƙauyen da ko a taswira sai an tona ba shi da abin jira. Mutanen wurin sun daidaita rayuwarsu da haka: ba sa zuba kuɗi a ƙasa, suna zuba shi a katako da kwano da inji da raga, abubuwan da za a iya ɗauka a gudu da su. A wurinmu ƙasa ce dukiya, gini ya rushe a sake. A wurinsu gida ake kwancewa a ɗora a jirgi, kamar yadda Fulani ke kwance bukka idan za su tashi.

Saboda haka ƙimar gidan Baffa ta koma hannun kafinta. Muka kira biyu, ɗaya wanda Baale ya zaɓa, ɗaya wanda wakilin Sarkin Hausawa ya kawo daga Igbokoda, don kada ƙimar ta zama ta bakin mutum ɗaya. Na tsaya ina kallon yadda suke aiki. Kowannensu na riƙe da doguwar ƙusa, yana bin katakan bango ɗaya bayan ɗaya yana caka ta a gindin katako, inda danshi ke fara ci. Idan ƙusar ta tsaya ya ja layi da alli, idan ta shige ya yi gicciye. Suka sauka cikin laka suka duba turakun, suka ce waɗanda suka nutse ba a lissafa su, domin wahalar tumɓuke su ta fi kuɗinsu. A rufi kuma suka raba kwanon gida biyu: na ƙarfe, wanda iskar gishiri ta riga ta huda, ba su ba shi daraja ba, na alminiyam da Baffa ya sa a kan shago kuwa shi ne ya fi komai tsada a gidan. Ƙofofi da tagogi da tankin ruwa da farantin sola aka yi musu kuɗi daban. Ƙimar mutum biyun ba ta yi nisa da juna ba, muka ɗauki tsakiya. Ɗan shugaban gidan ne ya saya, mu kuma muka rubuta cewa magada sun mayar wa masu ƙasa wurinsu, babu sauran biyan shekara a kansu.

Jirgin da ake faɗa a Daura ashe ba na Baffa ba ne. Nasa shi ne injin, Yamaha mai ƙarfin doki 40, jirgin da ragar kuma na wani masunci ne, suna raba abin da aka kamo bayan an cire kuɗin mai. Lambar da ke jikin injin ta dace da ta rasit, masuncin ma bai yi gardama ba, har ya kawo rabon Baffa na watannin da suka wuce, wanda ya riƙa ajiyewa wurin matar Baale. Da an cire injin an kai kasuwar Igbokoda da an sami kuɗi a dunƙule, amma da an kashe wa mutumin sana'a, kuma dillalai sun san baƙo mai sauri ba ya ja da farashi. Muka yi ciniki da shi a kan farashin da makaniki ya yanke, ya biya rabi nan take, sauran kuma kashi-kashi ta hannun Sarkin Hausawa, wanda ya karɓi lamuni a rubuce. Na kira Inna na shaida mata kafin in sa hannu, domin jinkirin a kan 'ya'yanta zai faɗa.

Littafin ajami shi ya fi ba mu aiki. Baffa bai rubuta sunayen matan da yake hulɗa da su ba, laƙabin da ya sa musu ya rubuta: Mai Tabo, Uwar Tagwaye, Doguwa ta bayan coci. Yaronsa ne ya riƙa warware mana ko wace ce wace. Tsarin cinikin shi ne, kafin lokacin kamu Baffa kan ba mace kuɗi ta sayi ɗanyen kifi da itacen banda, ita kuma ta biya shi da kwandunan busasshen kifi, an faɗi irin kifin da girman kwandon da lokacin kawowa. Don haka abin da ke littafin kwanduna ne, ba naira ba, farashin kwando kuma ya tashi sosai tun lokacin da aka ba da kuɗin. Wasu matan suka ce za su biya kuɗin kwandunan a farashin yau amma a rage musu. Na hau ƙarshen kwata, inda kawai ake samun sabis, na kira malaminmu a Daura. Ya ce wannan cinikin salam ne, wato a biya kuɗi tun farko a karɓi kaya daga baya, abin da ake bin su kifi ne, kuma a mazhabarmu ba a sayar da abincin da aka saya kafin a karɓe shi. Ko dai su kawo kifin, ko kuma a warware cinikin su mayar da ainihin kuɗin da suka karɓa, ba ƙari ba ragi.

Haka muka shimfiɗa musu a gaban Baale, kowace ta zaɓa. Masu kifi a ɗakin banda suka kawo, yaron Baffa yana juya kwando yana duba ƙasansa, yana karya kifi ɗaya ya ga ko ya bushe har ciki. Waɗanda kamu bai yi musu kyau ba suka mayar da uwar kuɗi, wanda a gaskiya sauƙi ne babba gare su. Uwar Tagwaye ta zo da wani guntun katako da ta yi wa zane da gawayi, lissafinta ya fi na littafin da kwando biyu, ta ce Baffa ya ƙara mata kuɗi ana gobe zai tafi gida jinya, bai samu ya rubuta ba. Da ta yi shiru babu wanda zai sani. Mace ɗaya ta musanta abin da aka rubuta a kanta, ba mu da shaida sai littafi, Baale ya tambaye ni ko za a matsa, na ce a rubuta musunta kawai in kai wa alƙali. Sannan muka sa aka yi shela cewa duk mai bin Baffa bashi ya fito. Mai itacen banda ya fito, makanikin inji ya fito, kuma dukansu biyu na same su a shafukan ƙarshe na littafin, inda Baffa ke rubuta abin da ake bin sa. Aka biya su a wurin, suka dangwala.

Kayan shago yaron Baffa ya saye su a kan farashin sari, zai nemi wuri wajen masu ƙasa da sunansa. Kifin da muka karɓa muka loda a jirgi zuwa Igbokoda, muka sayar wa 'yan Arewa masu lodin mota, a gaban wakilin Sarkin Hausawa. Ban yarda na riƙe tsabar kuɗi a hanya ba. Duk abin da ya shigo sai mu kai wa mai POS ya tura asusun da aka ambata a gaban alƙali, saƙon banki ya shiga wayar Inna, ni kuma in rubuta a littafina, Kawu ya sa hannu a gefe. Kafin mu bar garin muka sa aka buga takarda ɗaya da ta tattara komai, gida da inji da bashi da shago, Baale da shugaban gida da Sarkin Hausawa suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

A Daura na miƙa wa kotu takardar da littafin Baffa da nawa lissafin, da tikitin kowace mota da muka shiga. Kuɗin fito, da ba a ba da rasit a kansa, Kawu ya yi shaida. Da wani daga cikin dangi ya tayar da maganar fili, alƙali ya sa aka miƙo wayar Kawu, ya kalli ginshiƙan makarantar cikin ruwa, ya sa mai tambayar ma ya kalla, sannan ya nemi a karanta masa sharaɗin takardar tafireta da Hausa. Game da matar da ta musanta, ya ce rubutun mai bin bashi shi kaɗai ba ya tabbatar da bashi a kan wanda ya musa, ya tambayi Inna, ta ce ta yafe nata kason, na yaran kuma aka rubuta shi a matsayin abin da bai tabbata ba.

Bayan an cire kuɗin tafiya, aka haɗa abin da ya zo daga Ilaje da ƙimar gida da gona da tumakin Daura, aka kasa dukiyar kashi 8. Inna ta ɗauki kashi ɗaya, wato tumuninta, kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya. Abin da na kawo bai kai ƙimar gonar hanyar Mai'aduwa ba. Rabon yaran da ba su balaga ba aka danƙa shi ga wana, babban gidanmu, a matsayin mai kula da dukiyarsu, da sharaɗin ba zai sayar da komai ba sai da izinin kotu. Sauran kuɗin inji kuwa alƙali ya ce duk kashin da Sarkin Hausawa ya turo a kawo shaidarsa a raba shi bisa wannan lissafi, kuma ba za a rufe fayil ɗin ba sai na ƙarshe ya shigo.